Vokal Ɗin Da Mourtala Ya Kasa Gogewa

Akwai wani mai gyaran moto, wato babur, a Agadas ana ce masa Mourtala. Garejinsa rumfar kwano ce kusa da tasha, da benci biyu da murhun shayi. Kullum cike take da mutane, amma rabinsu ba gyara ya kawo su ba. Zuwa suke su ji bakinsa a kan ƙwallo.

Mourtala bai yarda da masu sharhin ƙwallo ba, na tele ne ko na radiyo.

Yakan ce, "Ku lura da su. Kafin wasa su rantse ƙungiya kaza ba mai taɓa ta. A zuba mata ƙwallo uku, su gyara karabat ɗin wuyansu su ce dama sun hango. Wasu ba su san komai ba, waɗanda suka sani kuma an saye su."

Ba da baki kawai ya tsaya ba. Yana ɗaukar muryarsu a wayarsa kafin wasa, in an tashi ya kunna wa jama'a su ji yadda magana ta juya. Sau da yawa gaskiyarsa ce, sai benci ya kwashe da dariya. Tun yana kama masu kuskure, har ya kai duk wanda ya buɗe baki a kan ƙwallo, Mourtala ya fara tunanin wa ya biya shi.

A garin akwai wani mai sharhi a wani gidan radiyo mai zaman kansa, sunansa Malam Illiya. Tsohon ɗan wasa ne, yanzu furfura ta fara fito masa. Shirinsa Litinin da Alhamis ne bayan la'asar. Ba ya ihu, ba ya yawan alkawarin wa zai ci. Da sassafe ana ganinsa a gefen fili yana kallon atisayen ƙungiyoyin unguwanni, hannunsa a baya.

Mutane suna girmama shi. Mourtala kuwa cewa yake, "Wanda ya fi natsuwa shi ya fi tsada. Ku jira, wata rana zan kama shi."

Mourtala yana da ƙane, Bashar, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa ashirin da biyu, shi ne ginshiƙin bayan ƙungiyar Zakunan Sabon Gari. Tun rasuwar mahaifinsu Mourtala ke riƙe da shi, shi ya saya masa takalmin ƙwallonsa na farko, shi ke kai shi fili a bayan moto.

A shekarar nan Zakuna suka kai wasan ƙarshe na kofin gari. Za su kara da ƙungiyar Guguwa, wadda wani mai motocin sufuri, Alhaji Bahago, ke ɗaukar nauyinta. Labari kuma ya zo cewa wata babbar ƙungiya ta Yamai za ta turo mutum takanas ya kalli Bashar.

Mourtala har ya fara ce wa masu zuwa gareji, "Ku gaisa da shi yanzu, gobe sai a tele."

Ranar Litinin, saura kwana shida wasa, suna zaune an kunna radiyo. Malam Illiya ya yabi tsaron gidan Zakuna, ya yabi gudun 'yan gaban Guguwa. Daga nan ya ce:

"Da ni ne mai horar da Zakuna, ba zan sa Bashar a wasan Lahadi ba. Yaro ne mai hazaƙa, amma ya kamata ya huta."

Sifanar da ke hannun Mourtala ta faɗi ƙasa. Ya goge hannu a riga, ya buga lambar gidan radiyon. Aka sa shi kai tsaye.

"Malam Illiya, Mourtala ne, yayan Bashar. Ka ce a ajiye shi. Don mi?"

"Sannu Mourtala. Ina da dalili."

"To faɗe shi, duk gari na saurare."

"Ba dalilin da zan faɗa a radiyo ba ne. Ka yi haƙuri."

Mourtala ya kashe waya, ya dubi mutanen benci ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Dalilin da ba a faɗa. Ni na san sunan irin wannan dalilin."

Abokinsa Lukumanu, mai sayar da katin waya a gefen garejin, ya ce, "Kai dai bi a hankali. Mutumin nan ba a taɓa kama shi da ƙarya ba."

"Don ba a sa masa ido ba ne," in ji Mourtala.

Ya kuwa sa masa ido. Ranar Laraba da hantsi ya fita gwada wani moto da ya gyara, sai ya hango Malam Illiya tsaye a ƙofar ofishin Alhaji Bahago. Alhajin ya dafa kafaɗarsa, suna magana ƙasa-ƙasa, suka yi musabaha hannu biyu. Mourtala ya laɓe bayan wata babbar mota, ya ɗauki hoto. Daɗi ya cika shi.

Bai koma gareji ba sai da ya yi vokal, wato saƙon murya, a WhatsApp, ya haɗa da hoton.

"Jama'ar Agadas, ga mai sharhinku. Litinin ya ce a cire Bashar, Laraba ga shi a ƙofar mai Guguwa ya je karɓar ladansa. Sun san in Bashar na fili ba su da hanya. Ku tura wa kowa, a san su wa ke mana sharhi."

Kafin azahar vokal ɗin ya zaga gari. Kafin magariba an ji shi a Ingal da Tchirozérine. Ranar Alhamis masu kira suka cika layin radiyon da zagi, wani kanti da ke tallata kayansa a shirin ya janye. Shugaban gidan radiyon ya ce Malam Illiya ya zauna gida sai ƙura ta lafa.

Washegari bayan sallar Juma'a, sai ga Malam Illiya a garejin da ƙafarsa. Mutanen benci suka juyo suna kallonsa.

Ya yi sallama, ya ce, "Mourtala, ban zo faɗa ba. Abu ɗaya na zo roƙo. Ka keɓe da ƙanenka, ku biyu kawai, ka tambaye shi lafiyarsa."

Mourtala ya yi murmushi. A ransa ya ce, ga sabuwar dabara, so yake ya sa mana shakka. Bashar kuwa yana nan zaune a ƙarshen benci, kansa a sunkuye.

Mourtala ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Bashar! Ga Malam na tambaya. Akwai abin da ke damunka?"

Bashar ya dubi mutanen da suka zuba masa ido, ya dubi yayansa. "Lafiyata lau, Yaya."

"To ka ji. Malam, a gai da Alhaji."

Aka yi dariya. Malam Illiya ya daɗe yana kallon Bashar, sannan ya ce, "Allah Ya tsare," ya juya ya tafi.

Ranar Lahadi fili ya cika maƙil. Baƙon Yamai yana zaune a inuwa a sahun gaba. Rabin farko Bashar ya yi wasa kamar ba gobe, duk ƙwallon da ta taso ta sama shi ke cire ta. Mourtala yana ta juyawa yana tambayar mutane, "Ina masu cewa ya huta?"

Minti goma da dawowa hutu, aka bugo wata doguwar ƙwallo. Bashar ya yi tsalle ya sa mata kai. Babu kowa kusa da shi, ba wanda ya taɓa shi. Yana sauka ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe, ya zube yana dukan ƙasa da hannu.

Ƙarar da ya yi, Mourtala ya ji ta daga inda yake tsaye.

Ko sakamakon wasan bai tsaya ji ba. A bayan wata mota aka kwashi Bashar zuwa asibiti. Likita ya duba, ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke, kuma ga dukkan alamu ta daɗe da rauni. Aikin sai a Yamai.

Da safe Mourtala ya kawo masa kunu. Bashar bai karɓa ba, hawaye kawai yake.

"Yaya, ka yafe mini. Wata biyu ke nan gwiwar nan na kumbura. Ɗaure ta nake, in sha magani in shiga fili."

"Wata biyu? Don mi ba ka faɗa mini ba?"

"Ta yaya? Kullum kana ce wa mutane gobe sai a tele. Ko mai horar da mu bai sani ba. Malam Illiya ne kaɗai ya gane, a wajen atisaye. Ya ce ya ga ba na sauka a kan ƙafar hagu. Na roƙe shi don Allah kar ya faɗa wa kowa. In 'yan Guguwa suka ji, nan za su riƙa duka. In mutumin Yamai ya ji, ya fasa zuwa."

Mourtala ya ajiye kwanon kunun a hankali.

Bashar ya ci gaba, "Malam ya ce ya yi mini alkawari ba zai ambaci ciwon ba, amma ba zai zauna a radiyo ya ce na cancanci in buga ba, don ƙarya ce."

"To zuwansa wajen Alhaji Bahago fa?" in ji Mourtala.

"Wuri ya je roƙa mini a motarsa mai zuwa Yamai, in ga likitan ƙashi kafin abin ya yi nisa. Ko sunana bai faɗa masa ba, cewa ya yi wani ɗansa ne. Ni na ce sai bayan wasa."

Mourtala ya fita waje ya jingina da bango. Ya ciro waya, ya kunna vokal ɗinsa, ya saurari muryarsa tana cewa a tura wa kowa. Ya goge shi. Amma daga wayarsa kawai ya gogu.

Yana nan tsaye sai ga Malam Illiya ya shigo da ledar dabino a hannu. Mourtala ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya durƙusa a gabansa, a nan tsakar asibiti, mutane na wucewa.

"Malam, na zalunce ka. Na ɓata maka suna, na raba ka da aikinka. Ban da bakin magana."

Malam Illiya ya kama hannunsa ya ɗaga shi. "Tashi, ba a durƙusa wa mutum. Ba zan ce maka abin bai yi mini ciwo ba. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata ubanta maci amana ne. Amma na yafe. Ni ma ina ta tambayar kaina ko da na karya alkawarin nan da ya fi."

Ya ƙara da cewa, "Kuma kar ka daina bin diddiginmu. A cikinmu akwai masu faɗin abin da ba su sani ba, gaskiyarka ce. Sai dai in ka ga abu, ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Yanzu mu shiga, motar Alhaji jibi za ta tashi, wurin yana nan."

Ranar Alhamis Mourtala ya je gidan radiyon da kansa. Ya roƙa aka ba shi minti biyar, ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya ce shi ya yi vokal ɗin kuma ƙarya ya yi wa bawan Allah. Ya sake yin wani vokal ɗin ya tura duk inda ya tura na farko. Aka mayar da Malam Illiya bakin aikinsa.

An yi wa Bashar aiki a Yamai. Yana tafiya da ƙafarsa, alhamdu lillahi, amma bai sake buga wasan gasa ba. Yanzu tare suke aiki a gareji.

Vokal na biyu kuwa bai yi rabin tafiyar na farko ba. Mutane ba su damu da tura shi ba.

Bayan kusan shekara, Mourtala ya kai wa wani moto Tchirozérine. Ya tsaya shan ruwa a wata rumfa, ana sauraron shirin Malam Illiya. Wani dattijo da bai taɓa gani ba ya yi tsaki ya ce, "Ku canza mana tasha. Wannan ba shi ne aka kama yana karɓar cin hanci ba?"

Mourtala ya ajiye kofin ruwan. Rana ta yi, hanya na jiransa, amma ya jawo benci ya zauna kusa da dattijon.

Ya ce, "Baba, ba a kama shi da komai ba. Ni ne na yi masa ƙaryar. Ka ba ni minti biyar in gaya maka yadda aka yi."

Darasi: Ba laifi ba ne ka binciki maganar masu sharhi, don ba duk mai riƙe da makirfo ne masani ba. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma shirun mutum ba ya nufin yana ɓoye laifi, wataƙila amanar wani yake riƙewa. Kafin ka tura hoto ko vokal a kan wani, ka tambaya, ka tabbatar, domin ƙaryar da ka saki a minti ɗaya za ka iya yin shekaru kana bin ta ba ka kamo ta ba. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai masoya ƙwallo, ko Allah Ya sa wani ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna.