Kaset Ɗin Da Alhassan Ya Bar Wa 'Yarsa

Akwai wani mutum da aka yi a Madawa wajen 1986, ana ce masa Ɗanlami Mai Kaset. Lokacin ne samari suka fara raina kalangu shi kaɗai, kowa na son a sa masa kaset a bikinsa.

Ɗanlami ya yi shekara shida a Abijan. Abokan tafiyarsa sun dawo da katifa da akwatunan tufafi. Shi kuwa ya dawo da manyeto, wato rediyo mai cin kaset, da ampili mai ƙara sauti, da amsa-kuwwa biyu, da batirin mota guda ɗaya tak. Yana ɗora su a motar kasuwa, daga Bangi har Tamaske babu garin da bai kai su ba.

Ba zan rage masa ba, ya iya aikinsa. Amma girman kai ya yi masa yawa. In ya sa baƙin tabarau ya zauna bayan kayansa, ko maigari ne ya gaishe shi da ka yake amsawa.

Yana da wata ɗabi'a ta masu sana'ar. In manyeto ya tauna zaren kaset ana cikin rawa, ba ya ɓata lokaci. Sai ya zaro reza ya yanke wurin da ya cukurkuɗe, ya yar, ya liƙa bakin biyu da jan farce, ya mayar. Waƙa ta rasa baiti ɗaya ko biyu, masu rawa ba su ma lura ba. Ya yi haka ya fi sau ɗari, har hannunsa ya daina jiran umarninsa.

A Deule kuma akwai wata mata, Rabi'atu. Mijinta Alhassan ya tafi Abijan bayan yunwar da aka yi, ciwo ya kama shi a can, bai dawo ba. Wani ɗan garinsu ne ya kawo jakarsa, da kaset guda a ciki. Ya ce marigayi ya ɗauki muryarsa a kaset ɗin kwana uku kafin ya cika, ya kuma bar wasiyya: kada a sa shi sai ranar auren 'yarsa Zaliha.

Rabi'atu ta naɗe kaset ɗin a tsumma ta sa shi a ƙasan kwalla. Shekara biyu yana nan. Ita ba ta ji abin da ke ciki ba, Zaliha ba ta ji ba, wanda ya kawo shi ma ya rantse bai ji ba.

Da bikin Zaliha ya rage mako ɗaya, Rabi'atu ta zo kasuwar Madawa ta sami Ɗanlami, wanda aka ɗauka ya yi kiɗan bikin. Ta kwance tsumman ta nuna masa.

"Ɗana, wanga kaset ba ni da wani. Muryar uban amarya ta. So nika ta ji, gari duka shi ji."

"Inna, mai da shi ki ajiye hal ranar," in ji Ɗanlami. "Kayana ba su taɓa ba ni kunya ba."

Kusa da su akwai teburin Ishaya mai gyaran rediyo, wani dattijo Kirista da ya koyi aikin waya a asibitin mishan. Shi ne ya buɗe manyeton Ɗanlami wata ɗaya da ya wuce, ya gaya masa robar da ke jan zare ta cinye. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce:

"Ɗanlami, kawo kaset ɗin nan mu juya shi bisa wani. Mu rage murya ƙasa, ba mu jin ko kalma, wasiyya ba ta karye ba. In guda ya ɓaci, ga guda. Kuma ka ɗauki manyetona da batir na biyu ka tahi da su. Biki na yini guda batir guda ba ya kai shi."

Ɗanlami ya dubi manyeton Ishaya. Tsoho ne, an ɗaure murfinsa da robar taya. Ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Baba Ishaya, wanga in na kai shi biki amarya da kanta sai ta yi dariya cikin lulluɓi."

"Ba na ce ka nuna shi ba. Ka bar shi cikin buhu."

Rabi'atu ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Ɗana, ko a yi yadda yac ce?"

"Inna, wurin wa kinka zo? Ni ko shi?"

Sai ta bar maganar. Ba ta san kan waɗannan kaya ba, kuma ba ta son ta ɓata wa mai kiɗan bikin 'yarta rai. Ta naɗe kaset ɗinta ta koma Deule. Nan wurin ne yake ba ni haushi duk lokacin da na tuna labarin nan, don aikin da Ishaya ya nema bai kai shan shayi ɗaya ba.

Ranar biki Ɗanlami ya ɗaure amsa-kuwwa a kan bishiyar da ke ƙofar gida, ya fara sakin kiɗa tun hantsi. Bai huta ba, bai bar batir ya huta ba. Ana yi masa kirari yana ƙara murya.

Bayan la'asar, kafin a ɗauki amarya, aka ce kowa ya natsu. Aka shimfiɗa wa Zaliha tabarma a bakin zaure, ƙawayenta na gefe. Abokan marigayi suka matso gaba suka zauna. Rabi'atu ta fito ta miƙa wa Ɗanlami kaset da hannu biyu.

Ya sa, ya danna.

Aka ji tari. Sannan murya ta fito daga kan bishiya, a gajiye amma ba a kasa gane ta ba.

"Bismillahi. Zaliha, ɗiyata, ni na, babanki. In kina jin wagga magana, to ranar ta zo, ni kau ba ni nan. Ki saurara da kyau, akwai abin da…"

Muryar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɓace.

Batir ne ya mutu, kuma Ɗanlami ya sani. Amma ya faɗa a gaban mutane cewa batirinsa ya ƙare? Sai ya miƙe ya ce, "Waya ta. Ku dakata kaɗan." Ya haye bishiya yana taɓa wannan yana jan wancan, ko Allah zai sa batirin ya ɗan farfaɗo.

Abin da bai yi ba shi ne tsayar da manyeto. Shi manyeton da ƙananan baturansa yake aiki, bai mutu ba. Yana nan a kan tebur yana juyawa shiru, don an karkatar da muryarsa zuwa ampili. Cinyayyiyar robar nan ta kama zare ta yi ta naɗewa. Ɗanlami ya fi minti biyar a sama.

Da ya sauko ya buɗe murfi, zare ya cika cikin akwatin dam. Mutane sun fara gunaguni, idanu duk a kansa. Kafin ya yi tunani, reza ta fito daga aljihu. Ya yanke nan, ya yanke can, ya fizge abin da ya cukurkuɗe, ya cika masa hannu, ya jefar bayan tebur. Ya ɗauko jan farce.

Rabi'atu na tsaye a kansa. A hankali ta ce, "Ɗana, mi kaj jehwar?"

Sai a lokacin ya tsaya. Ya juya. Babu komai a ƙasa. Yaran ƙauye ba abin da suke so kamar zaren kaset, sun riga sun wawashe shi, kowa ya tsinki rabonsa, sun bazama cikin lunguna suna gudu yana tashi a bayansu.

Maza suka bi su. Abin da aka samo bai cika tafin hannu ba: gutsattsari a jikin ƙayar shinge, wani a ɗaure a kara, duk sun miƙe sun zama siririyar abawa. Aka kawo wa Rabi'atu. Ta karɓa ta zuba a tsumman ta ƙulle.

Ba wanda ya zagi Ɗanlami. Da an zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Abokan marigayi suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka kakkaɓe riguna. Zaliha na zaune yadda aka zaunar da ita, ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga lulluɓi ba. Aka ɗauke ta zuwa ɗakin miji, wata tsohuwa ta yi guɗa sau ɗaya, ba wanda ya taya ta.

Aka kawo wa Ɗanlami tuwo ya ci, bai san ko da wace miya ba ce. Ya kwance amsa-kuwwarsa ya naɗe waya, ya zauna a kan mataccen batir yana jiran mota.

Bayan mako biyu, ranar kasuwa, Rabi'atu da Zaliha da angonta suka zo teburin Ishaya da tsumman da kaset ɗin. Ɗanlami na rumfarsa. Ya taso ya tsaya nesa kaɗan, ba tabarau.

Ishaya bai ce masa "na gaya maka" ba, bai ma dube shi ba. Ya baza gutsattsarin a kan takarda, ya jujjuya su da tsinke, ya girgiza kai. Waɗannan sun tafi. Ya buɗe kaset ɗin da kansa, ya haɗa bakin abin da ya rage, ya sa a tsohon manyetonsa, ya rage murya yadda su kaɗai za su ji.

Tarin ya fito. Bismillar ta fito. "…Ki saurara da kyau, akwai abin da…"

Aka ji ƙas, wurin da aka liƙa. Sai muryar ta dawo, ta ƙara shaƙewa, kamar wanda ya daɗe yana magana.

"…to, shi ke nan abin da nika son in gaya miki. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba, ko innarki. Ki riƙe shi da kyau, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Daga nan sai shuuu har ƙarshe. Ishaya ya juya ɗaya gefen, ya bari ya yi ta tafiya. Babu komai a kai.

Kasuwa na ci a bayansu, wani na cinikin akuya. Zaliha ta juyo ta dubi Ɗanlami. Babu fushi a fuskarta, babu hawaye.

"Malam Ɗanlami, kai ne kusa da shi ran nan. Ba ka ji komi ba? Ko kalma guda?"

Ya so ya yi mata ƙarya. Ya so ya ce ya ji yana cewa ta yi haƙuri, ta bi miji, ta riƙe salla, irin abin da kowane uba ke faɗa. Bakinsa ya ƙi.

"Ban ji ba," in ji shi. "Ina bisa icce."

Ta gyaɗa kai. "To."

Ta karɓi kaset ɗin daga hannun Ishaya, ta yi masa godiya, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Suka nufi tashar motar Deule, uwar na gaba, ita tana biye.

Ni dai wannan "to" ɗin ya fi mini kowane zagi ciwo.

Darasi: In aka damƙa maka abin da babu na biyunsa, kada ka jingina shi da kayan aikin da babu na biyunsu. Na'ura tana mutuwa, batir yana ƙarewa, wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a miƙo maka madadi ka ƙi karɓa don kada a raina ka, wani kuma ya ɗauki asarar har ƙarshen ransa. Mai kiɗan biki, mai ɗaukar hoto, duk mai riƙe amanar ranar da ba ta maimaituwa, ka tafi da na biyu ko da a cikin buhu ne. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda zai ji tun kafin tasa ranar ta zo.