Turken Gizo a Bakin Tafki

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ni Nomau, da na bar makaranta a aji biyar don malamai sun rasa abin da za su ƙara mini, ni kakata Iya Kuluwa ta miƙa wa tatsuniya ranar da muryarta ta dushe. Da ma ni ke mata gadin tukunyar gyaɗar iri saboda ɓeraye, kun ga ke nan ba ƙaramin mutum ba ne ni. Tana gefen wuta tana kaɗi, ƙananan jikoki suka kewaye ni.

"Ga ta nan, ga ta nanku, da ɗuminta!"

"Ta zo mu ji ta, in ba irin ƙaryarka ba ce!"

A can da, arewan nan da babu komai sai rairayi, tafki ne wanda tsuntsu kan gaji bai ƙetare ba. A bakinsa Inna Kusu take zaune da 'ya'yanta huɗu: Gyazbi, Gafiya, Kurege da Auta. Duk kamarsu ɗaya, ita kanta sai ta kira suna take bambanta su. Burinta a duniya ɗaya ne, kada a raba mata su.

Suna da al'ada tun kakanni. Akwai turke kafe daidai bakin ruwa. Ran da ruwa ya janye ya bar turken, sai a kwashe gaba ɗaya a yi kudu tun da sauran ciyawa a hanya. Mai gadin turke ba ya noma, ciyar da shi ake yi. Da Gizo ya ji haka, ya zo da hawaye ya roƙi aikin.

Shekara ta juyo, ruwan sama ya yi ƙaranci, tafki ya ja da baya. Gizo ya ce a ransa, "In aka tashi, wa zai ba ni tuwo?" Sai ya tumɓuke turken ya sake kafa shi a sabon bakin ruwa.

Gyazbi ya ce, "Inna, ciyawa ta fara ɗaci."

Gizo ya ce, "Bakinka ne. Ga turke, ga ruwa."

Wata shekara ya sake matsar da shi. Gafiya ta ce, "Inna, hanyar ɗiban ruwa ta ƙara tsawo."

Gizo ya ce, "Ƙiba ce ta dame ki. Ga turke, ga ruwa."

Shekara ta uku Kurege ya ce, "Inna, na tauna rairayi a tuwo."

Gizo ya ce, "Laifin mai tankaɗe ne. Ga turke, ga ruwa."

Rannan Auta ya tafi ɗiban ruwa, ya afka rami. Ya fito ya afka na biyu, ya fito ya afka na uku, duk a jere, duk faɗin gindin turke. Ya dawo a guje.

Inna Kusu ta je ta gani. Ba ta zagi kowa ba. Ta dubi hanyar kudu, ta ga ta bushe ƙamas, babu abin da zai ciyar da baki biyar a kanta. Ta zauna ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta ce, "Kowa ya kama gabansa, ko wani ya tsira."

Gyazbi ya bi sauran laima har kudu. Babban kogi ya cika a bayansa, ya tare hanyar dawowa, ya zauna cikin ciyawar fadama ya yi jiki. Gafiya ta cusa hatsin gida a kumatu don kada ya zube, har yau kumatunta jaka ne. Kurege ya tsaya a saura, inda babu inuwa, sai ya ɗaga wutsiya ya yi laima da ita.

"Auta fa?" in ji Lantana, 'yar ƙanwata, idonta ya kawo ruwa.

Inna ta tsufa, ba ta iya tafiya. Auta ya ce ba zai bar ta ba. Rairayi ya rufe tafkin, zafinsa ya sa shi tsalle har ƙafafunsa na baya suka yi tsawo. Ya koyi rayuwa da raɓa. Jikokinsa na can, sukan tsaya a kan ƙafa biyu su kasa kunne, ko za su ji 'yan'uwa na dawowa. In sun haɗu yau ba sa gane juna, sai an yi murmushi an ga haƙoran gaba, irin na Inna.

Gizo kuwa kunya ta kai shi lungun ɗaki. Darasi: wanda ya matsar da alama bai hana ruwa janyewa ba, lokacin shiri kawai ya cinye wa mutane.

"Madalla, mai gidana," in ji Iya. Ban ga tashinta ba, sai ga tukunyar gyaɗa a gabana. "Ina ka samo wannan tatsuniya? Ni ban san ta ba."

"Baiwa ce, amarya."

Ta karkata tukunyar wajen wuta. Zanen gawayin da ta yi a wuyanta don auna gyaɗa ya koma can tsakiyar ciki, ga sawun wasu uku a sama, an goge da yawu.

"Ɓerayen bana har rubutu sun iya?"

"Sun yi aji biyar!" in ji Lantana.

Na yunƙura, Iya ta cafke kunnena. "Da me zan shuka rabin gonata, ja'iri? Gobe ka tafi ɓarar gyaɗa gidan Malam Tanimu har ka cika mini tukunya. Gonar kuma, daga shuka har tono, taka ce. Rufe tatsuniyarka."

Na ce, "Ƙungurus kan kusu."

Ta ce, "Ga kan kusun nan a hannuna."