Baba Irmiya da Akwatunan Jemagu

Akwai wani mutum mai hali wanda ya sayi fili a bayan gari, ya gina gidaje arba'in, ashirin a gabas da hanya, ashirin a yamma. A tsakiyar filin kuwa akwai wata tsohuwar kuka mai kogo, tun zamanin kakanni take nan. Magina suka ce ta tare hanya, sai aka sare ta, aka ja gungumen aka yar a bakin daji.

Ranar da mutane suka fara tarewa, mai gidajen ya zo zagayawa da yamma. Sai ya ga tsuntsaye da jemagu suna ta shawagi a daidai inda kukar take a da, suna neman makwancinsu, babu shi. Tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa, "Na ba iyali arba'in wurin kwana, amma ga waɗanda na kora."

Washegari ya kira kafintoci biyu. Ɗaya sunansa Gidiyon, wanda tauraronsa ke haskawa a garin. Ɗayan kuma Baba Irmiya, wanda ya shekara arba'in da zarto a hannu. Ya ba Gidiyon gidajen gabas, ya ba Baba Irmiya na yamma, ya ce musu, "Ku kafa wa kowane gida akwati biyu, ɗaya na tsuntsu, ɗaya na jemage. Zan yi tafiya, sai bayan damina zan dawo. Wanda aikinsa ya yi, shi zan ba ƙofofi da tagogin dukan gidajen da zan gina nan gaba."

Gidiyon bai ɓata lokaci ba. Ya sayo sabon katako, ya goge shi da samfefa ciki da waje har ya yi santsi kamar faranti. Ya shafa fenti kore da fari, ya rubuta lambar gida a jiki, ya kafa akwatunan a saman ƙofar shiga, daidai ƙarƙashin ƙwan lantarki, yadda ko makaho ya zo wucewa sai an ba shi labari. Gaskiya sun yi kyau, ba a ƙwace masa wannan ba.

Baba Irmiya kuwa ya yi kwana uku bai buga ƙusa ko ɗaya ba. Ya tafi inda aka yar da gungumen kukar, ya zura hannu cikin kogon har kafaɗa yana shafawa. Da yamma ya je ya zauna kusa da wani tsohon rumbu, yana kallon yadda jemagu suke fita ta 'yar tsaga, da yadda tsuntsaye suke komawa sheƙa. A rana ta huɗu ya ɗauko katakon da bai taɓa ganin fenti ba. Bai goge shi ba, har ma ya bi shi da zarto yana yi masa tsage-tsage a ciki. Akwatin jemage ya bar masa siririyar ƙofa ta ƙasa. Na tsuntsu kuma ya juya wa gabas baya, domin daga can iskar hadari take zuwa. Ya sa tsani ya kafa su can sama a bayan gida, nesa da fitila, nesa da hayaƙin murhu, inda kyanwa ba za ta kai ba.

Sai mutanen yamma suka fara gunaguni. Suna cewa, "Dubi na gabas, dubi namu! An kafa mana itacen wuta a bango." Magana ta shiga kasuwa cewa idon tsoho ya mutu, hannunsa ya lalace. Wata mata da ta ba shi aikin gadon auren 'yarta ta zo ta ce ta fasa, ta kai wa Gidiyon. Bayanta wasu suka bi, har shagon Baba Irmiya ya yi tsit.

Matarsa Tabita ta kasa haƙuri. Ta ce masa, "Maigida, sunanka fa ake ja a ƙasa. Ko a zumuntar mata, da na shiga sai a yi shiru. Fenti gwangwani ɗaya ne kawai, ka shafa mu huta da bakin mutane."

Ya ce, "Tabita, ba ni zan kwana a ciki ba, ba masu surutun ba ne kuma. Jemage da farce yake rataya. In na goge katakon, me zai kama? Warin fenti kuma ko ke ba kya son sa a ɗakinki."

Ta ce, "To in ba su shiga ba fa?"

Shi ma abin yana damunsa. Maganar mutane ta yi masa zafi ƙwarai, har wani lokaci yakan tsaya ya dubi hannuwansa. Amma bai sayi fentin ba.

Da damina ta wuce, mai gidajen ya dawo. Mutane suka taru suka raka shi gabas suna yabon aikin Gidiyon. Mai gidajen kuwa sai ya ce a kawo masa tsani. Ya hau ya leƙa akwatin farko, yanar gizo-gizo ce kawai. Na biyu rina ta yi gida. Haka ya bi su har gida na ashirin, bai ga ko gashin tsuntsu ba.

Ya ƙetare hanya zuwa yamma. A nan bai ma nemi tsani ba. Ya dubi gindin bango, ga kashin jemage ya taru. Ya ɗaga kai, ga ciyawar sheƙa tana leƙowa daga akwatin tsuntsu, 'ya'ya suna ta kuka a ciki. Ya ce kowa ya tsaya. Da rana ta faɗi, sai jemagu suka fara zubowa daga ƙarƙashin akwatunan, ɗaya bayan ɗaya, gida bayan gida, har masu ƙirgawa suka gaji suka bari.

Gidiyon ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ka ga kyan aikina."

Mai gidajen ya ce, "Na gani, ya yi kyau. Amma wa na ce ka gina wa?"

Sa'an nan ya kama hannun Baba Irmiya a gaban jama'a, ya ce, "Baba, ƙofofi da tagogin naka ne." Tabita kuwa, wadda ta yi wata huɗu tana shiga kasuwa kai a sunkuye, ran nan ta kafe ɗaurin ɗankwalinta ta bi tsakiyar hanya har gida, tana gaida na gabas da na yamma.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Mai gidajen Ubangiji ne. Tsuntsaye da jemagun nan su ne waɗanda aka sare wa kukarsu: baƙon da rikici ya koro daga ƙauyensu, gwauruwar da aka raba da ɗakinta, da wanda kowa yake ƙyama kamar yadda ake ƙyamar jemage. Akwatunan kuma alherin da muke yi musu ne. Akwai alheri na saman ƙofa, wanda ake kira mai hoto kafin a miƙa shi, har mai karɓa ya ji kunya ta hana shi komowa. Akwai kuma na bayan gida, wanda mai yin sa ya fara zama ya tambaya, "Me kike bukata?"

Na san a cikinku akwai masu irin hannun Baba Irmiya. Akwai wadda take kai tuwo ta ƙofar baya, akwai wanda ya kwashe buhunansa daga ɗaki domin baƙi su shimfiɗa tabarma. Ba a taɓa kiran sunayenku a sanarwa ba, amma ni ina alfahari da ku ƙwarai, kuma ba na ɓoyewa. Kada surutun mutane ya sa ku sayi fenti.

Ranar da Mai gidajen zai dawo, ba zai tambaye mu launin akwatinmu ba. Zai leƙa ne ya ga ko wani ya kwana a ciki.