Maganar da Ticha Cuthbert bai samu a ƙamus ba

Akwai wani tsohon malamin makaranta a garinmu New Amsterdam, a ƙasar Guyana, ana kiransa Ticha Cuthbert Semple. Duk ranar Lahadi da yamma yana da fili a rediyo, inda yake amsa tambayoyi kan Turanci. Ka tambaye shi me ya sa Turawa ke cewa ana ruwan karnuka da kyanwowi, sai ya buɗe maka littafi uku kafin ya ja numfashi.

Ilimi kam akwai shi, amma akwai ji da kai.

Mahaifiyarsa, Mama Verna, kifi take sayarwa a Rosignol, tsallaken kogin Berbice. Turancin ƙauye take yi. Duk lokacin da ɗanta zai fita, sai ta raka shi bakin ƙofa ta ce, "Ka dawo a bushe."

Ranar da ya zama malami, abokan aikinsa suka zo gida cin abinci. Da za su tafi ta faɗi maganarta, suka bushe da dariya. Kunya ta kama shi.

"Haba Mama! Wannan ba Turanci ba ne. Babu shi a ƙamus. Don Allah ki daina."

Ta ce to. Daga ranar bai sake jin maganar a bakinta ba, har ta koma ga Mahaliccinta.

Yanzu ga shi da shekara saba'in da biyu, maganar nan ta hana shi sakat. Kewar uwarsa ta dame shi, ba abin da yake so kamar ya san me take nufi. Ya bincike littattafansa kaf, ya rubuta wasiƙa har Ingila. Shiru. Mutum ɗaya ta rage da zai tambaya, yayarsa Ismay, wadda ya yi shekara shida bai leƙa ba.

Wata Asabar da safe ya ajiye girman kai ya hau kwale-kwale zuwa tsohon gidansu na Rosignol, inda take zaune. Ya tarar da ita tana dafa shinkafa da wake da ruwan kwakwa.

"A'a! Yau mai rediyo ne a gidanmu? Bari in gyara harshena kar a zane ni."

"Yaya, ki bar tsokana. Tambaya na zo da ita."

"Kai da kake amsa wa duk ƙasa?"

Ya sunkuyar da kai. "Maganar nan ta Mama. Daga ina ta samo ta?"

Ismay ta ajiye ludayi.

"Kana da wata huɗu lokacin da jirgin Baba ya kife. An gaya maka ya mutu a kogi, iyakar abin da ka sani ke nan. Ni ina da shekara bakwai, na ga lokacin da masunta suka shigo da shi. Suka kwantar da shi a kan teburin cin abinci, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Mama ta wuni tana goge shi da tawul, tana cewa sanyi zai kama shi. Tun daga ranar, ba wanda ya fita gidan nan ba ta ce masa ya dawo a bushe ba."

Ticha Cuthbert ya ce, "Ni kuma na hana ta."

"Ka hana ta faɗa da ƙarfi dai. Kana juya baya take laɓewa bayan ƙofa ta faɗa a hankali, don kar ka ji kunya. Shekara talatin, ko sau ɗaya ba ta fasa ba."

Dattijon nan ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ismay ta zuba masa shinkafa, ta tsaya a kansa har ya cinye.

Da la'asar ta raka shi bakin ruwa. Ya sa ƙafa ɗaya a kwale-kwale, sai ya tsaya ya waiwayo.

"Yaya, ba za ki faɗa ba?"

"Ai babu shi a ƙamus."

"Faɗi. Da ƙarfi, kowa ya ji."

Ta ɗaga murya har masunta suka juyo. "Cuthbert, ka dawo a bushe!"

Darasi: Kafin ka gyara wa iyayenka magana, tambaye su inda suka samo ta. Wata kalmar da kake jin kunyarta addu'a ce suke yi maka, kuma ba kullum za su kasance nan su bayyana maka ba. Ku tura wa wanda iyayensa ke raye, ya je ya saurare su yau.