Garwashin da ke Cikin Ƙwai

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso kusa, yau na wuni a gona, muryata ba za ta kai bakin ƙofa ba.

An yi wata tsohuwa, Kumatu, tana da kaza guda ɗaya tak, 'yar ƙarama mai wake-wake. Irin kajin nan kakarta ce ta bar wa uwarta, uwar ta bar mata. Duk shekara in cuta ta shigo gari sai ta share akurki-akurki, amma wannan iri ko mura ba ya yi. Sai dai yau a yanka wa baƙo, gobe a yanka wa mai jego, har ya rage saura ita kazar nan da ake kira Wake-wake da ɗanta zakara guda, ita kuma ta tsufa ta gaji.

Maƙwabcinsu Jatau yana da manyan fararen kaji da ya sayo a birni. Ga jiki ga ƙwai, amma rana na ɗan yin zafi sai su hangame baki su zube. Jatau kuwa mutum ne mai wayo, irin wayon da ba ya bari a ƙarasa magana.

Ran nan ya leƙa ta kan danga ya ce, "Wake-wake, me ya sa cuta ba ta kama ku?"

Ta ɗaga kai a hankali. Ta ce, "Akwai ɗan garwashi a cikina. Uwata ta ba ni, uwarta ta ba ta, tun daga kazar farko da aka zo da ita daga gabas cikin kwando. Shi kuwa garwashin nan..."

Jatau ya ce, "Na gane." Ya tafi.

Ya sace ɗan nan nata, jan zakara, ya sa shi cikin kajinsa. Aka ƙyanƙyashe 'yan tsaki masu launin ubansu. Bazara ta zo, suka zube.

Ya dawo ya ce ƙarya ta yi masa. Ta ce zakara yana da garwashin, amma nasa ne shi kaɗai, ba ya ba kowa. "Uwata ta ba ni, uwarta ta ba ta. Uwa ce take..."

Jatau ya ce, "Na gane." Ya tafi.

A lokacin Wake-wake ta tara ƙwai bakwai a ƙarƙashin rumbu, da kyar ta yi su. Ta fita shan ruwa, Jatau ya lallaɓo ya kwashe su, ya zuba mata na kajinsa, wai ɗumin jikinta ya shige su. Nata kuwa ya soya ya cinye da yaji. Ta dawo ta ga ba nata ba ne, amma ba ta da ƙarfin rigima. Ta kwanta a kansu kwana ashirin da ɗaya, har ƙashin ƙirjinta ya fito. Ta ƙyanƙyashe, ta yi ta tona musu ƙasa. Cuta ta zo, suka zube, tare da duk kajin Jatau.

Ya zo karo na uku, wannan karon ya durƙusa. Ya ce ta faɗa masa, ba zai katse ta ba.

Ta ce, "Garwashin cikin ƙwai yake. Uwa ce take sa shi tun kafin ɓawo ya yi tauri. Ɗumin kwanci ba ya ba da shi."

Jatau ya ce to ta yi masa ko da guda ɗaya.

Ta ce, "Na daina. Bakwai ɗin da ka soya su ne na ƙarshe."

Kumatu tana bakin murhu ta ji komai. Ba ta zage shi ba, ta gaji da yawa. Ta ɗauki kazarta ta ɗora a cinya, tana shafa ta tana kiran sunan uwarta da na kakarta. Jatau ya koma akurkinsa, babu ko gashin tsuntsu. Har ya mutu, in ya ji carar zakaran wani gida sai cikinsa ya ɗau zafi, kamar garwashin ƙwan da ya cinye ne ke ƙona shi.

To kun ji. In babba yana magana a hankali, ku bari ya kai ƙarshe. Kuma 'yar kazar nan ta gidanku da kuke jifa, ba ku san tun daga ina ta ɗauko abin da ke cikinta ba.

Ƙurunƙus. Nan ta ƙare, ni ma na ƙare. Wani ya miƙo min sandata.