Zabirar Sallau Wanzami

Talle, Larai, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Kai ma Barau, furfurarka ba ta hana ka zama a gabana ba. Magana zan ba ku ku yanke.

A garinmu an yi wani wanzami, Sallau. Mutum ne mai barkwanci, amma kafin ya kai ƙarshen labari shi ya riga kowa ƙyalƙyalewa, har da buga cinya. Shekara arba'in yana aski yana ba da labari, wanda ake wa askin na taya shi dariya. Da tsufa ya zo, hannu ya fara rawa, mutane suka koma wurin masu inji. Sallau ya ci gaba da zuwa majalisa da labaransa. Ya faɗa, ya yi dariya, ya duba fuskoki, kowa na kallon ƙasa. Idan ya tashi a kwaikwaye shi.

Taubashinsa Ɗan'azumi ya ga abin ya yi yawa, ya ja shi gefe. Ya ce, "Kai bawana, labaranka ba su taɓa yin daɗi ba. Wanda aka ɗora wa aska a maƙogwaro, ai dole ya yi dariya." Daga ranar ba a sake yi wa Sallau ba'a ba, don bai sake fita ba. Ya shige ɗaki, ya daina magana, ya daina cin tuwo.

'Yarsa Gambo ta baro gidan mijinta, ta bi maƙwabta gida-gida tana roƙo su zo su zauna da Baba, duk abin da ya faɗa su yi dariya. Suka zo. Sallau ya tashi zaune, ya ci abinci, jiki ya fara dawowa. A rana ta huɗu ya buɗe baki zai nemi ruwa, suka fashe da dariya. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya juya fuskarsa bango.

Sai Gwadabe mahauci, wanda Sallau ke yi wa aski tun yana saurayi, ya yi sallama, ya tuɓe hula, ya durƙusa. Ya ce, "Sarkin aska, kaina ya cika." Sallau ya wasa aska, ya jiƙa kan, labari ya zo masa. Gwadabe ko murmushi bai yi ba, amma Sallau ya yi dariya har da hawaye, irin wadda ya manta. Cikin dariyar hannu ya goce, ya tsaga fatar kai, jini ya wanke wa Gwadabe ido. Sallau ya ajiye askar, ya ce, "To, wannan ma ta ƙare."

Bai yi wata ba ya rasu. Abin da ya bari zabira ce, jakar kayan askin da ya gada wurin kakansa. Kafin ya cika ya ce wa liman a ba wanda bai ci mutuncinsa ba tsakanin Ɗan'azumi, Gambo da Gwadabe, bai kama suna ba. Kowannensu ya ce shi ne, har yau ba sa gaisawa.

Ni dai ban ga wanda Sallau ya cuta da dariyarsa ba. To ku da kuka yi karatu, ku raba mini: Ɗan'azumi, Gambo, Gwadabe, wa za a miƙa wa zabirar?