Tarkon Shugaban Mawaƙa

Akwai wani shugaban mawaƙa a wata majami'a wanda ya daɗe yana jan waƙa shi kaɗai. Muryarsa akwai daɗi, kuma ya san da haka fiye da kowa.

Ana nan sai wata gwauruwa mai ɗinki, da ake kira Maman 'Yan Biyu, ta shiga ƙungiyar. Tun rasuwar mijinta ba ta da inda take samun sanyin zuciya sai wajen waƙa. Ranar da ta fara buɗe baki, har tsofaffin da suka saba gyangyaɗi a bencin baya suka miƙe zaune.

Shugaba ya tafa mata, amma zuciyarsa kamar an zuba barkono. Duk wanda ya yabe ta, sai ya ce, "E, to, tana dai ƙoƙari."

Ya mayar da ita layin baya. Ya daina gaya mata ranar gwaji. Da Fasto ya ce ita za ta ja waƙar godiya ranar Lahadi, sai ya tare ta ya ce, "Idan kika kunyata mu, kin bar ƙungiyar nan ke nan."

Ta koma gida tana hawaye. Mahaifiyarta ta ce, "'Yar nan, ki bar musu abinsu mana. Dole ne?"

"Inna, ba shi nake yi wa waƙa ba," in ji ta. Ta durƙusa gefen keken ɗinkinta ta ce, "Ya Ubangiji Yesu, ba ni da mai tsaya mini sai kai."

Shi kuwa Shugaba ya ja ƙaninsa, mai kaɗa fiyano, gefe. "Idan an zo waƙar godiya, ka ɗaga sautin can sama, inda murya ba ta kaiwa."

"Yaya, a gaban Allah fa?"

"Ni na koya maka kiɗan ko kai ka koya mini?"

Ranar Lahadi zazzaɓi ya kama ɗaya daga cikin 'yan biyun, uwar ta makara. Fasto ya duba bai gan ta ba, ya ce, "Shugaba, ja mana."

Ya karɓi makirufo yana murmushi. Ƙanin kuwa, kunyar abin da zai aikata ta sa tun ɗazu ya sunkuyar da kai, bai ga wanda ke riƙe da makirufon ba. Ya danna kiɗa can sama.

Shugaba ya miƙa wuya, jijiyoyi suka fito. Muryar ta tsage kamar ta ɗan zakara. Yara suka fara ƙunshe dariya, gumi ya jiƙa masa riga.

Daidai nan Maman 'Yan Biyu ta shigo. Tun daga bakin ƙofa ta kama waƙar daga ƙasa, a natse. Jama'a suka bi ta, muryar Shugaba ta ɓuya a cikin tasu.

Bayan sujada ya same ta, ya kasa kallon idonta. "Ni na sa aka ɗaga kiɗan. Ke na haƙa wa ramin."

Ta ce, "Baba, na roƙi Allah ya cece ni daga hannunka. Ban roƙe shi ya kayar da kai ba."

Darasi: Idan mai hassada ya sa ka a gaba, kai ƙararsa wurin Allah, ka bar masa yaƙin. Ranar da ya cece ka kuwa, kada ka tsaya kallon faɗuwar maƙiyinka, miƙa masa hannu. Ku tura wa duk wanda ake tsananta wa, ya san ba shi kaɗai ba ne.